Sunan da Ban Faɗa Ba a Caji Ofis

Ni mace ce mai fargaba, kowa a gidanmu ya san haka. In yaro ya yi tari sau biyu, na fara tunanin asibiti. In mijina ya wuce lokacin da ya ce zai dawo daga kasuwa, sai in kasa tuƙa tuwo, in yi ta leƙa zaure. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai ɗan abin da na ƙaro a makarantar matan aure ta unguwarmu. Malamarmu ce ta ce mu riƙa rubuta abin da ya taɓa faruwa da mu don hannunmu ya saba. Ni wannan na zaɓa, don har yau in na tuna shi sai gabana ya faɗi, daga baya kuma in sami kaina ina murmushi ni kaɗai.

Garinmu ƙarami ne, yana kan hanyar da ta tashi daga Daura ta nufi Mai'adua. Mijina tumaki yake saye yana sayarwa. A lokacin 'ya'yanmu huɗu, ƙaramar tana goye, babban kuma, ɗan farina, yana da shekara goma sha biyar.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Haka na ga uwata ta yi da babban wanmu, haka ni ma na yi. Ga kunyar ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifin mijina aka sa masa, abin ya zama biyu. Da aka yaye shi, mahaifiyata ta ɗauke shi zuwa ƙauyenmu na wajen Mashi. Can ya tashi cikin ƙannena, ya ji suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. Ita yake ce wa Inna. Sai da Allah ya yi mata rasuwa, yana ɗan shekara goma sha biyu, sannan ya dawo hannunmu. Na tuna ranar da ya shigo da kayansa a ƙulle cikin zanen Inna, ya tsaya a tsakar gida yana kallon ɗakuna kamar baƙon da bai san inda zai ajiye takalmi ba. Ina bakin murhu. Ban tashi ba. Na ce wa ƙanwarsa, "Nuna wa wancan ɗakin zaure."

Wancan. Haka nake ce masa. In abincinsa ya sauka, sai in ce da ita, "Gaya wa wancan ya zo ya ɗauka." In rigarsa ta yage, ita yake ba, ita ta kawo mini. Ni dai abin da nake iyawa shi ne in tura tsokar nama can ƙarƙashin tuwonsa yadda ba wanda zai gani, in kuma kasa kunne ga takunsa in ya shigo. Na ɗauka ya gane. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko yaron da ya tashi a wani gida zai gane.

Tsanar da ya yi wa 'yan sanda tana da mafari. Yana ɗan shekara goma sha uku, wata rana suna dawowa daga Kongolam da babansa a kan mashin, aka tsayar da su a wani shinge. Babansa ya ɗan daɗe yana laluben takardu a aljihu. Ɗan sandan da ya tsayar da su, wanda ba mu san shi ba, ba kuma na garinmu ba ne, sai ya sa ƙarshen kulkinsa ya ture hular babansa. Ta faɗa cikin taɓo, ga mutane suna kallo. Babansa ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe ta a gwiwa, ya ce, "A yi haƙuri, yallaɓai."

Mijina bai taɓa ba ni wannan labarin ba. Ni na wanke hular, na ga taɓon, ban tambaya ba. Sai bayan kwana biyu na ji yaron yana ba ƙanwarsa labari a bayan ɗaki.

Tun daga nan, in aka ambaci ɗan sanda a gidan sai fuskarsa ta canza. Wata rana suna cin abinci a zaure da babansa, ina jin su ta bayan labule.

"Hukuma ce," in ji babansa. "Ko kana so ko ba ka so, ka gaishe shi ka wuce. Gaisuwa ba ta rage ka da komai."

"Baba, wanda bai ga girmanka ba, ni ne zan ga nasa?"

"Kai, rufe mini baki ka ci abinci."

Ya rufe bakin, amma na ji ƙarar cokalin da ya ajiye. Ni kuwa a nan bayan labule ban san wanda zan ba gaskiya ba. In na tuna hular sai in ce yaron. In na tuna bindigogin da suke rataye da su a bakin titi sai in ce uban.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, mijina ya tsallaka cikin Nijar sayen raguna, zai yi kwana uku. Ya bar mashin a gida, ya ja wa yaron kunne a gabana: ya ɗauko wa ragunan da ke gida ruwa da harawa ta hanyar bayan gari, kada ya kuskura ya hau kwalta. Ranar Lahadi ce, kasuwar Mai'adua tana ci, titi cike da motocin shanu. Da hantsi na ji ya tayar da mashin. Na kasa kunne, na ji ƙarar ta yi gabas, wajen kwalta, maimakon bayan gari. Na so in aika ƙanwarsa ta kira shi, amma kafin in juya ya yi nisa.

Rana ta kusa tsaka sai ga maƙwabciyata, wadda take suyar awara a bakin titi, ta faɗo gidan ko sallama babu, hannunta duk mai.

"'Yar'uwa, fito! An kama yaron gidanku."

Duk da gudun da ta sha, ba ta ce ɗanki ba. Na lura da wannan, ban san dalili ba, a irin wannan lokaci ma.

Ta ce a gabanta aka yi. Yana dawowa da harawa ɗaure a bayan mashin, wani tsohon saje ya ɗaga masa hannu. Bai tsaya nan take ba, sai da ya wuce kaɗan. Da ya tsaya bai sauka ba, bai kashe mashin ba, bai gaishe shi ba. Sajen ya tako ya same shi, ya tambaye shi mashin ɗin wa ne, shekarunsa nawa. Shi kuwa ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ja tsaki mai tsawo, har masu sayar da lemo suka juyo. Ya ce, "Ku dai ba ku da aiki sai tare mutane." Sai wani matashin ɗan sanda ya finciko shi daga kan mashin, aka wuce da shi caji ofis.

"Kuma na ji suna cewa bayan la'asar mota za ta zo ta kwashe na bayan kanta zuwa babban ofis," in ji ta. "Gobe sai kotu. Sai dai in uba ko uwa sun je kafin nan."

Lokacin Shari'a ta kafu, kuma na sha jin labarin samarin da aka yi wa bulala a ƙofar kotu mutane suna kallo. Ban san ko irin laifinsa na bulala ba ne, amma zuciyata ba ta jira sani ba. Har na hango shi an kwantar. Na hango shi ya kwana cikin manyan ɓarayi. Na kuma san halinsa: in aka yi masa haka, ba zai dawo mini yadda ya tafi ba.

Maƙwabciyar ta gwada kiran mijina da wayarta, ba ta shiga. Ƙanensa yana kasuwar Mai'adua, ba zai dawo ba sai magariba. Ni kuwa ban taɓa fita ba tare da na tambaya ba, caji ofis kuma ko ƙofarsa ban taɓa tsayawa ba. Na goya jaririya, na zura hijabi, na ce wa ƙanwarsa ta kula da tukunya. Na kama hanya.

Ofis ɗin ɗaki biyu ne, fentinsa ya koɗe. Akwai bishiyar darbejiya a gaba, da mashina huɗu a ƙarƙashinta. Na gane namu, harawar tana ɗaure har yanzu, wata akuya tana miƙa wuya tana fizga. Na cire takalmina a bakin ƙofa kamar zan shiga ɗakin suruka. A ciki akwai benci, maza biyu zaune, ɗaya dattijo ne na unguwarmu wanda tare suke zuwa masallaci da surukina. Ga kanta mai tsawo, ga matashin ɗan sanda a bayanta da babban littafi. A ƙasa, jingine da bango, ga yaron zaune ba takalmi. A kuncinsa na hagu akwai shatin yatsu huɗu.

Ya ɗago ya gan ni, idonsa ya buɗe.

"Yaya?"

Ɗan sandan ya dube ni. Yaro ne shi ma, bai fi ƙanena na uku ba. Ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ta koyo ce amma tana fita sosai.

"Madam, lafiya?"

"Sannu da aiki, yallaɓai. Na zo ne saboda wancan."

"Me kike a wurinsa?"

"A gidanmu yake."

"Ban tambaye ki gidan da yake ba. Oga ya ce sai uba ko uwa."

Na dubi ƙasa. Dattijon unguwarmu yana bayana, ina jin numfashinsa. Na ce a hankali, "Ni na haife shi."

Sai ya yi dariya. Ba dariyar mugunta ba, irin ta wanda ya ce ya gano ka.

"Yanzu da kunnena na ji ya ce miki Yaya. Ke da ganinki ma ba ki haifi wannan ba. Mun san wannan wasan, madam. Makon jiya wani yaro ya kawo mana wata mai sayar da koko, ta rantse ita ce uwarsa." Ya buɗe littafin, ya ɗora tafin hannunsa a kan layin da ya rubuta. "To shi ke nan, abu mai sauƙi. Faɗi sunansa. Cikakke."

Ban san yadda zan rubuta abin da na ji ba. Sunan yana nan a bakina, shekara goma sha biyar yana nan. Ko a sujada ban taɓa furta shi ba, sai in ce, ya Allah, wanda Ka sani, Ka shirya mini shi. Yanzu ga wani yaro da biro a hannu yana jira in faɗe shi kamar sunan kayan miya, a gaban abokin surukina. Jaririya ta motsa a bayana, na shiga jijjiga ta don in sami abin yi.

"Kin gani?" in ji ɗan sandan. "Uwa ba ta san sunan ɗanta ba. Je ki ki turo uwarsa ta gaskiya kafin mota ta zo."

Sai yaron ya yi magana daga ƙasa, bai ko dube ni ba.

"Ku rabu da ita. Ba za ta faɗa ba. Ba ta taɓa faɗa ba. Ku kai ni duk inda za ku kai ni."

Marin da aka yi masa, a lokacin na ji shi a fuskata. Ba don ya yi rashin kunya ba, a'a, muryarsa ce. Babu fushi a ciki, irin ta wanda ya daɗe da yanke ƙauna ce. A nan na gane cewa shekara uku yana gidana yana ɗaukar kunyata a matsayin ba na son sa. Naman ƙarƙashin tuwo bai gaya masa komai ba.

Na ce a raina, to yau kam sai dai a yi ta faɗa da ni a unguwa. Na ɗago kai, na buɗe baki. Har harafin farko ya fito.

"Dakata, baiwar Allah."

Wani dattijo ne a bakin ƙofa, cikin kayan sarki, amma da silifa a ƙafa, takalmansa na aiki a hannu. Daga sallar azahar yake, gemunsa bai gama bushewa ba. Ɗan sandan ya miƙe tsaye, daga nan na gane shi ne sajen da aka yi wa tsaki. Ban san tun yaushe yake tsaye ba.

Ya ajiye takalman, ya tambaye ni da murya ƙasa-ƙasa, yadda na benci ba za su ji ba, "Na fari ne?"

Na gyaɗa kai.

"Sunan wa ya ci?"

"Mahaifin maigidana."

"Subhanallahi." Ya juya ga matashin ɗan sandan. "Rufe littafin nan. Da ta haya ce, da tuni ta rattaba maka sunan har da na kakan kakansa. Wadda ta kasa faɗa ita ce uwar."

"Oga, amma ya ce mata Yaya."

"Ni ma da kake gani, da furfurata, har uwata ta rasu Yaya nake ce mata."

Matashin bai ji daɗi ba. Ya ce, "Oga, ni ne zan sa hannu. In wani ya zo gobe ya ce mun ba da yaro ga wadda ba uwarsa ba fa?"

Na zaci sajen zai daka masa tsawa. Sai ya ce, "Gaskiyarka. To baiwar Allah, bar sunan. Gaya mana wani abu a jikinsa da ba kowa ya sani ba."

Ni da ba na iya haɗa magana uku a gaban maza, ranar ban san inda maganar ta fito ba. Ban dubi yaron ba, kanta na duba. Na ce a tafin ƙafarsa ta hagu akwai tabo mai kamar lauje, kwalba ce ta yanke shi a ƙauye yana ɗan shekara bakwai. Na ce da labarin ya zo mini, na ce wa mijina Inna nake marmarin gani, na je na yi kwana uku, in kowa ya fita gona sai in ɗaga ƙafar in duba yana barci. Na ce a bayan kafaɗarsa ta dama akwai ƙuna, fitila ce. Na ce haƙorinsa na can ciki ya ɗan ɓalle, shi ya sa yake tauna ta gefe ɗaya. Na ce rigar da ke jikinsa, maɓalli na uku da koren zare aka ɗinke shi, don farin ya ƙare mini ranar, na juya ƙullin ta ciki don kada abokansa su gani. Na ce kuma yau bai sha koko ba don ya yi tsami, ƙosai biyu kawai ya ci, ban da su tun safe babu komai a cikinsa.

Matashin ya zagaya, ya sunkuya ya ɗaga ƙafar yaron. Ya juya bakin rigar.

"Kore ne, oga."

Yaron ya cusa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Kafaɗunsa suna motsi. Na kawar da kai, don kada in ƙara masa kunya.

Ya kamata in tsaya nan, an riga an yarda da ni. Amma bakin da ya buɗe bai rufu ba.

"Sai dai shatin yatsun da ke kuncinsa, yallaɓai," na ce, "ba da shi ya fita daga gida ba."

Dattijon unguwarmu ya yi gyaran murya a bayana. Uwa ta tsaya wa ɗan farinta a gaban mutane, na san abin da yake tunani. Matashin ya ce da sauri, "Ai zagin oga ya yi."

"Ni aka yi wa tsakin," in ji sajen, "kuma ni ban ɗaga hannu ba. Na gaya maka tun a titi." Matashin ya juya fuska wajen taga.

Sajen ya sa aka fito da yaron, ya zauna a ƙarshen benci yana sa safa, yaron yana tsaye a gabansa.

"To ɗana, me na yi maka? Na taɓa ganin ka?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Tsakin nan da ka ja mini, ba na yau ba ne. Ya daɗe a bakinka. Na wa ne?"

Sai ya faɗa. Ya ba da labarin hular, da kulkin, da taɓon, da yadda babansa ya karkaɗe ta a gwiwa. Yana faɗa yana goge hanci da bayan hannu. Ni ina tsaye ina addu'a kada sajen ya fusata.

Sajen ya dube shi, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.

"Ba zan ce ƙarya kake ba," ya ce. "Ana yi. Na gani da idona, wani lokacin ma na gani na yi shiru, bai kamata ba." Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Kansa fari fat. "Amma ka san abin da ya sa na tsayar da kai? Harawar nan ta karkace gefe ɗaya, ta kusa taɓa taya, ga motocin shanu suna bin ka a baya. Kasuwar da ta wuce, ni na ɗauke wani yaro sa'anka daga kan kwaltan nan. Ni na je gidansu na yi sallama da uwarsa. Ba na son in sake zuwa gidan kowa."

Yaron ya yi kamar zai durƙusa. Sajen ya ɗaga hannu.

"A'a. Ba na son durƙuson mai tsoron bayan kanta. Tashi ka bi mahaifiyarka. Mashin zai zauna nan sai babanka ya zo, don da shi zan yi maganar yaro a kan kwalta."

Yaron ya ce, "A yi haƙuri, yallaɓai." Maganar da ya raina a bakin ubansa, ita ce ta fito daga nasa. Na ga shi ma ya lura, don ya ɗan runtse ido.

Aka nuna mini inda zan sa hannu. Matashin ya turo mini abin dangwale, na ce na iya rubuta sunana. Na rubuta a hankali, harafi ɗaya-ɗaya.

A bakin ƙofa matashin ya biyo mu da takalman yaron, ya ajiye masa a ƙasa. Ya ɗan sosa ƙeya.

"Mama," ya ce, yanzu ba madam ba, "a garinmu uwata tun daga bakin titi take ƙwala mini kira. Unguwa duka sun haddace sunana. Ban san naku haka yake ba."

Na ce, "To da ta ga kuncinka haka, me za ta yi?"

Ya yi ɗan murmushi, ya dubi ƙasa. "Da ta tashi ofis ɗin nan."

Bai ba yaron haƙuri ba. Na jira, bai ba shi ba. Har yau abin yana raina.

Yaron ya kwance abin da akuya ta bari na harawar, ya aza a ka. Yana gaba, ina baya, da tazara tsakaninmu kamar yadda muka saba. Mun kusa kwanar gidanmu sai ya rage tafiya har na kusa cim masa. Bai juyo ba ya ce, "Yaya, hijabinki a bai-bai yake."

Na duba. Ga ɗinki a waje. Haka na ratsa titi ranar kasuwa, haka na tsaya a gaban hukuma. Dariya ta kama ni, hawaye suka biyo ta, na rasa wanda zan tare.

Mijina ya dawo ranar Talata. Na gaya masa komai tun kafin ya sha ruwa, har da fitar da na yi. Ya yi faɗa, amma na mashin ne, na fitar bai ce komai ba. Washegari suka tafi caji ofis tare da yaron. Ban je ba, shi ya ba ni labari. Ya ce da suka shiga, sajen ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu biyu, ya sa aka goge masa benci. Ya yi masa faɗan barin makulli a hannun yaro, amma a gefe, ba a gaban yaron ba. Mijina yana ba ni labarin yana juya hularsa a hannu. Ban ce masa na san zancen taɓon ba.

Ba zan ce yaron ya koma son 'yan sanda ba. Har yau suna gardamar da babansa. Uban yana nan a kan a gaida kowa don hukuma ce. Shi kuwa ya ce ba dukansu suka cancanta ba. In ya ga tsohon sajen, tsayawa yake ya gaishe shi da kyau, har ya tambayi iyali. Matashin nan kuwa, yaron ya fi wata biyu ba ya ko kallonsa, yanzu dai suna ɗaga wa juna hannu daga nesa. Sauran yana yi musu sannu ya wuce, tsaki dai bai sake ba. Ƙanwarsa ta taɓa tsokanarsa, ta ce ashe ya zama matsoraci. Ya ce, "Wani don furfurarsa nake gaishe shi, wani kuma don kada Yaya ta sake fita da hijabi a bai-bai."

Ni in aka tambaye ni ko sun cancanci girma, ban da ilimin yanke wannan. Na ga wanda ya mari ɗana a ɗaki ɗaya da wanda ya tare mini baki don kada in zubar da kunyata, kuma kaya iri ɗaya ne a jikinsu. Har yanzu in na hango shinge gabana yana faɗuwa. Amma yanzu ina duba fuskar mutumin kafin in gama jin tsoro.

Sunan kuwa har yau ban faɗa ba. Sai dai bayan Sallah da kwana kaɗan, ina tankaɗe a tsakar gida, ya fito daga ɗakin zaure da riga a hannu. Ƙanwarsa tana zaune kusa da ni, har ta miƙa hannu za ta karɓa kamar kullum. Ya wuce ta, ya ajiye rigar a kan cinyata.

"Maɓallin ya sake fita," ya ce. "In farin zare babu, ki sa koren."

Farin zare yana nan, sabo ma, a cikin gwangwani. Koren na ɗauko.